Tsutsar da Ke Sake Kai

Abin da na fara lura da shi a ɗakin gwaje-gwajen wata kwaleji a Daura shi ne ƙarnin ɗanyar hanta. Babana mahauci ne a Baure, don haka hancina ya riga idona ganewa.

Baure zuwa Zango

Mun tashi ƙarfe shida saura kwata, mu goma sha biyu da Malama Hadiza mai koya mana kimiyya. A shingen kusa da Zango ɗan sanda ya leƙo.

"Ina za a kai 'yan makaranta da sassafe?"

Direba ya ce, "Kallon tsutsa, yallaɓai."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. A mota muka karya da ƙosai.

Daura, ƙarfe takwas

Malam Lawal, wani dattijo mai kula da ɗakin, ya fito da kwanon gilashi. Tsutsotsi ne masu faɗi, tsawon ƙwayar shinkafa biyu, da ɗigo biyu a ka kamar masu harara. Su ake ba hantar. Ya sa reza ya raba ɗaya gida uku, kowane yanki ya ci gaba da tafiyarsa.

Ya ce duka ukun za su koma cikakkun tsutsotsi. Ƙwayoyin halittar jikinta suna aika wa juna saƙo ta sinadari: inda saƙon ya yi yawa wutsiya ta fito, inda ya yi ƙaranci kai ya fito. In aka toshe shi, kai biyu za ta yi.

"Saƙon nan tsoho ne, 'ya'yana. Tun daga halittun teku na dā ya faro. Ku ma da irinsa aka tsara jikinku a ciki."

Ƙawata Binta ta ce, "To Malam, kawuna ya guntule yatsa, me ya hana yatsan sake fitowa?"

"Amsar da masana ke nema ke nan har yau."

Ni yankin wutsiyar nake kallo, marar kai marar ido, yana ta kewaya kwanon. Sai bayan mako guda idanunsa za su ɓullo, motarmu kuwa ƙarfe biyu za ta juya.

Bayan azahar

Kowa ya nufi mota. Na tsaya bakin ƙofa ina murza gefen hijabina, don ban taɓa fara yi wa malami magana ba. Direba ya danna oda sau biyu. Malam Lawal ya ɗago kai.

Na ce, "Malam, don Allah a ba ni wutsiyar a kwalba. Zan sa mata ruwan rijiya, in ajiye ta gindin randa. Hanta kuwa kullum akwai a gidanmu."