Furfurar Alli

A bakin ofishin shugaban sakandare wani dattijo ke zaune, 'yarsa na tsaye, kai a sunkuye. Ya zo cire ta daga ajin wasan kwaikwayo ne, kimiyya yake so ta karanta.

Ta taga yana hango 'yan ajinsu sun haɗa tebura sun yi dandamali. Wani ɗalibi yana goga alli a ka don ya fito a tsoho. Dattijon ya shafa furfurarsa. Da alama shi ma ya taɓa hawa irin teburan nan.

"Ya manta gira," in ji shi. "Mu har gira muke shafawa."

Masinja ya leƙo. "Malam, shigo."

Bai motsa ba. "Ke, a me za ki fito?"

"Alƙali, Baba."

"To, je ki mana, kar a fara shari'a babu ke."