Ciyawar da Muke Biya a Ƙone

Shekarun baya kaɗan, tun ina dangwala yatsa a takarda, na shiga banki neman bashin gida. Haya ta ishe ni. Na gaya wa mutumin da ke kan tebur ina da shanu goma sha huɗu a hannun ƙanena. Ya ce, "Hajja, albashi fa?" Na ce ban taɓa yi wa kowa aiki ba. Ya tambayi shekaruna, na faɗa, sai ya rufe takardarsa. Wai ban cancanta ba. Amma 'yata da ta rako ni, ma'aikaciyar asibiti, wadda albashinta ko maraƙi ba ya saye, ita wai ta cancanta! Na ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin saniya kuwa?"

Haka aka yi bashin da sunanta. Ni na sayar da shanun na ba da kuɗin farko, muka tare a gidan bene a unguwar Mairi, mu gida takwas a gini ɗaya. Abin da ya rage mini tumaki biyu ne, jinin tunkiyar da mahaifiyata ta ba ni ranar aurena. Na ɗaure su a ƙarƙashin matakala.

Wata na ƙarewa sai ga shugaban masu gidajen da takarda, wai kuɗin kula da gida. Na ce, "Wane kuɗi kuma? Ba saye muka yi ba?" Ya ce kowane wata ne, har abada. Har abada fa! Yana juyawa ya hango tumakina, ya ce doka ta hana dabba, 'yata ta sa hannu. Sati ɗaya ya ba mu, in ba haka ba tara ta hau kanta. Yarinyar da banki ke yankar albashinta, ina za ta samo tara? Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri ki sayar."

Lokacin ban daɗe da fara zuwa ajin koyon karatu na manya ba. Na sa 'yata ta rubuta mini abin da ke takardar da Hausa, manya-manya, na zauna ina haɗa baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Mai gadi, na gane. Man injin rijiya, to. Kwashe shara. Sai na ga ban ruwan ciyawa. A ƙasansa, yankan ciyawa. Na karanta sau uku, na zaci karatun nawa ne bai nuna ba.

Ranar taron masu gidajen na miƙe gaban shugaba. Na ce, "Alhaji, mu muke biya a ba ciyawa ruwa da rani?" Ya ce e. "Mu kuma mu biya a yanke?" Ya ce e. "To in an yanke ina take zuwa?" Ya ce, "Ana tarawa bayan katanga, ta bushe a ƙone."

Innalillahi! Mu da muke kwana uku a ƙafa muna neman ɗanyar ciyawa, shanu na faɗuwa a hanya, yau ga ta ana sa mata wuta, da kuɗina.

Na ce a bar tumakina su cinye, a soke kuɗin yanka. Wata matar malamin jami'a ta ce wari. Na ce, "'Yar nan, naman da kika ci jiya turare yake kiwo?" Aka yi dariya, amma da aka ɗaga hannu ni kaɗai ce. Har 'yata ta sunkuyar da kai.

Na ce, "To, tumaki za su fita. Ciyawar fa, na biya ko ban biya ba?" Shugaba ya ce na biya. Na ce, "To tawa ce. Wanda ke son rabonsa ya kawo buhu." Ba wanda ya yi motsi.

Na kai tumakin gidan ƙanena a unguwar Moduganari, ban sayar ba. Tun daga ranar, duk Asabar ina cika buhu biyu na hau keke Napep na kai musu. Da farko 'yata kunya take ji, yanzu ita ke riƙe mini bakin buhu.

Har yau ban gane lissafin mutanen bene ba, kuma har yau in na ga takardar nan gabana na faɗuwa. Abin da na koya ɗaya ne, ba na ƙara yarda da takardar da ban karanta da idona ba. Tumakin nan yanzu tara ne. Layyar bara shugaban da kansa ya zo sayen rago, yana cewa, "Hajja, a duba maƙwabtaka." Ko sisi ban rage masa ba. Na ce, "Alhaji, ai wannan ƙibar da ka gani, ciyawar da za ka ƙone ce."