Aljihun Teburin Inna Sakatariya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofis. Ta goge tebur, ta kunna kwamfuta, ta jera fayiloli, sannan ta zauna tana jiran mu iso da rigimarmu. Shekara ashirin da shida Inna, sakatariyar ma'aikatarmu, ta yi a haka. Ranar Juma'a ta yi ritaya, aka ce ni manaja in rubuta yabonta. Ga biro a hannuna, amma kaina ya ɗaure. Wadda ta fi kowa biyayya muka rasa, ko wadda ta fi kowa taurin kai?

Kowa ya san halinta a taro. Mu yi awa biyu muna zuba surutu, har mun miƙe, sai ta ce, "Yallabai, ban ji ba. Wa zai yi? Yaushe?" Mu koma mu zauna kamar 'yan firamare. In kuwa shugaba ya fara yi wa ma'aikaci faɗa a gaban mutane, sai ta leƙo ta ce ana neman shugaban a waya. Har yau ba mu san mai bugowar ba.

Ranar tafiyarta ta kira ni, ta buɗe aljihun teburinta na ƙasa. Cike yake da ambulan.

"Inna, waɗannan fa?"

"Wasiƙun fushi ne, ɗan nan. Duk wanda ya miƙo min takarda hannunsa na rawa, a nan take kwana. In ya tambaya da safe, in aika. In bai tambaya ba, shi ke nan."

"Mutum nawa suka tambaya?"

"Uku."

Ina cikin dubawa na ci karo da rubutun hannuna. Takardar barin aiki ce da na rubuta wa tsohon manaja shekara goma sha ɗaya da suka wuce, babu abin da ban faɗa masa ba a ciki. Ni duk zatona ya karanta ya yafe. Shekara da shekaru ina gaishe shi kaina a sunkuye, ina ba mutane labarin haƙurin da bai taɓa yi ba. Bawan Allah bai ma san an yi ba.

A dokar ofis, riƙe wasiƙa laifi ne, ni na sa wa dokar hannu. Amma da Inna ta bi ta, da ban kai kujerar da na zauna na sa hannun ba. To ya zan yi da ke?

Inna, ke ce ƙofar da fushinmu bai wuce ba. Kin san lokacin da hannu ke gaba da hankali, kika rufa mana asiri ba ki taɓa goranta wa kowa ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Shugabanni da ma'aikata, ku koya: takardar fushi ta kwana tukuna.

Yau Litinin direbanmu, mai 'ya'ya biyar, ya sa na makara wajen wani babban taro. Na dawo na rubuta takardar korarsa. Na fito zan miƙa, kujerar Inna babu kowa, sai mabuɗin aljihun da ta bar mini a kan tebur. Na dubi hannuna, rawa yake yi.

Na buɗe aljihun, na ajiye takardar a kan tawa ta dā.