Layi na Biyu a Katin Inshora

A asibitin kowa Jan Biro yake ce mata, har sababbin ma'aikatan da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar magani, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanyar banɗaki. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma bangon ɗakin janareto take kallo. Akwai tebur, da kwamfuta mai jan ƙafa, da fankar da ke juyawa in ta ga dama, da kujera biyu. Ta biyun don baƙo aka ajiye ta, amma fayiloli ne ke zama a kai.

Asibitin yana da rassa biyar a gari. Duk wanda aka duba da katin inshora, sai a aika wa kamfanin inshorar takardar neman biya. Wadda kamfanin ya karɓa, shi ke nan. Wadda ya ƙi sai ta dawo, kuma a teburin Jan Biro take sauka. Ita za ta nemo inda aka yi kuskure, ta zagaye shi da ja, ta gyara, ta mayar. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, saura mata wata huɗu ta yi ritaya.

Yawancin takardun na allurar rigakafin yara ne. Ranar Talata ake yin ta a rassa, jarirai na tsala ihu, iyaye na ture juna, akawu kuwa na buga lamba da gaggawa. Sai ya sa allurar a lambar magani maimakon ta rigakafi. Kamfanin kuma, da yake dalili yake nema, sai ya ce rabi zai biya. Jan Biro ta san abin da ke biyo baya: a miƙa wa uba takardar biyan da bai yi tsammani ba, ya ninke ta ya sa a aljihu, allura ta gaba ba za a ga yaron ba. Shi ya sa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Akawun rassa suna tsoron kiran wayarta fiye da na shugaban asibiti.

A nan ba wanda zai ga laifinta. Laifinta ɗaya, ba ta iya ajiye biron in an tashi daga aiki ba.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Mahaifinsa ya rasu yana aji uku, ita ta yi ɗawainiyarsa har ya zama mai gyaran wuta a wani kamfanin robobi. Ranar da aka ba shi katin inshorar ma'aikata, bai ko cire takalmin aiki ba ya kawo mata. Mutum huɗu katin ke ɗauka. Layi na farko sunansa, layi na biyu nata, sauran biyun ba kowa. Ya ce daga yau ciwonta nasa ne. Ta duba katin gaba da baya, ta ce an rubuta ranar haihuwarta daidai, sannan ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ya yi aure, matar ta hau layi na uku, ɗansu na fari ya hau na huɗu. Gida ɗaya suke zaune, ɗaki uku da falo a bene na biyu. Surukar yarinya ce mai sanyin hali, ga ladabi, amma Jan Biro ba ta ga komai a wurinta ba sai abin gyara: yadda take ninke zanin gado, yadda take riƙe yaro, yadda take rufe famfo. Rannan ta ɗauki katin rigakafin jikan, ta ga an tsallake allurar wata tara da sati uku. A gaban baƙi, 'yan uwan yarinyar, ta zagaye ranar da jan biro ta ajiye mata a cinya, ta ce ai haihuwa ba ita ce iya riƙon ɗa ba.

Ɗanta bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki katin ya duba, ya ce, "Umma, matata ba takardar ofis ba ce."

Ƙarshen watan suka kama haya a ɗaya gefen gari. Ta ce shi ne yaro, shi zai fara kira. Shi kuma, da yake jininta ne, ya ƙi kira. Shekara uku ke nan.

Ta saba da dawowa gida ta buɗe ƙofa ba mai cewa sannu da zuwa. Ta saba da girkin mutum ɗaya, ko da yake har yanzu hannunta kan zarce. Takan kunna rediyo don dai a ji motsin mutum a gidan. Kaɗaici yana cin ta, ta sani, ba ta kuma gaya wa kowa. Amma duk farkon shekara, in kamfanoni suka sabunta inshorar ma'aikatansu, sai ta buga lambar katin ɗanta a kwamfuta. Ba ta da hurumin yin haka, ita ma ta sani. Tana buɗewa sai ta ga sunanta yana nan a layi na biyu. Ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar ciwon kai da katin ba, tunda tana da na wurin aikinta. Ganin sunan kawai take yi, ta rufe, ta kama aiki.

Wata Alhamis da hantsi aka kawo mata takardun da suka dawo. Ta tara ce ta tsayar da ita. A gurbin majiyyaci sunanta ne, cikakke, da lambarta. Abin da aka yi wa majiyyacin: allurar rigakafi ta sati shida. Kamfanin ya rubuta dalilin ƙin biya a ƙasa, wai shekarun mai katin hamsin da tara, ba su dace da wannan allura ba.

Dariya ta fara yi, ita kaɗai. Har ta cire murfin biro tana cewa yau wani akawu zai ji a jikinsa. Sai idonta ya kai kan sunan reshen, wanda ke unguwar da ɗanta ya koma. Ta mayar da murfin a hankali.

Ta kira reshen. Nas ɗin da ke kula da allurar yara ta ɗauka. Ta ce a yi haƙuri, akawu ne ya ga suna iri ɗaya a katin ya danna, bai duba shekaru ba. Jaririya ce, mace, an haife ta wata biyu da rabi da suka wuce. Ba ta cikin katin, don ya cika. Sun yi wa uban bayani cewa sai an cire mutum ɗaya kafin a sa ta, sun ma nuna masa layi na biyu, tunda sun ga ba a taɓa amfani da shi ba.

"Me ya ce?" in ji Jan Biro.

"Cewa ya yi kar a taɓa wannan layin, zai biya daga aljihunsa. Sai dai, Hajiya, bai dawo ba. Allurar sati goma ta wuce da kwana tara."

Ta yi godiya, abin da nas ɗin ba ta taɓa ji daga bakinta ba, ta ajiye wayar.

Ashe tana da jika mace. Ashe sunanta aka sa mata. Kuma a takardar da kamfani ya ƙi biya ta ji labari, tsakanin ta wani mai ciwon haƙori da ta wata mai gwajin jini. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata. Ta san albashin mai gyaran wuta, ta san kuɗin allurar in ba inshora, ta kuma san ɗanta: ba zai cire ta ba, ba zai roƙi kowa ba, zai yi ta cewa sai ƙarshen wata. Irin uban da take yi wa faɗa a ranta shekara da shekaru, yau ga shi nata ne.

Tana iya biyan allurar a ɓoye, ta yi wannan tunanin. Amma akwai ta sati goma sha huɗu, da ta wata tara, da zazzaɓin da ba ya sallama. Yarinya layi take buƙata. Ita kuwa nan da wata huɗu katin aikinta zai mutu, ga hawan jini. Wannan bai dame ta sosai ba. Abin da ya dame ta shi ne farkon shekara mai zuwa, in ta buga lambar.

Fom ɗin cire suna yana aljihun tebur na ƙasa. Mai kati zai iya cire mutum, babba kuma zai iya cire kansa. Ta cike wa mutane irinsa ya fi ɗari. Ta nemi baƙin biro, da ƙyar ta samu wanda ke rubutu. A gurbin dalili ta daɗe tana kallo, sannan ta rubuta: an sami ƙaruwa. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta kai ofishin aikawa da ƙafarta.

Kamfanin kan tura wa mai kati saƙo in an taɓa katinsa. Ranar Litinin da la'asar wayarta ta yi ƙara. Lambar ba ta da suna, don ta goge shi tun shekarar farko, amma ta haddace ta.

"Umma." Ɗanta ne, tana jin ƙarar injina a bayansa. "Har abin ya kai ki cire sunanki?"

Kalmomi da yawa suka taso mata. Tana so ta ce ta yi kuskure ranar nan, tana so ta tambayi wa yarinyar ta biyo, ko yayanta ya shiga makaranta, ko uwarsu ta warware. Bakin da ya shekara ashirin da shida yana gyara wa mutane bai san ta inda ake fara wannan ba.

"Sunan yana nan, ba inda ya je," ta ce. "Ka je da takardar haihuwar yarinyar a sa ta. Gobe Talata, ku kai ta da wuri, kafin layi ya yi tsawo."

Ya ce to. Ta ji yana numfashi kamar zai ƙara wani abu, sai wani ya kira shi daga nesa. Ya ce zai sake kira. Ta ce ba komai.

Bayan sati biyu ta buga lambar katin, ba ta jira farkon shekara ba. Layi na biyu, sunan nan dai, ba a canza ko harafi ba. Ranar haihuwar ce kawai ta zama wata. A ƙasa an nuna allurar sati goma, kamfani ya biya duka, babu abin gyara. Nas ɗin ta shigar da nauyin yarinyar na ranar: kilo biyar.

Ta san nauyin takarda, ta sha auna ta wurin aikawa. Ƙunshi ɗaya na farar takarda, wanda ba a ɓare ba, kilo biyu da rabi ne. Ta tashi ta tura ƙofa, ta ɗauko ƙunshi biyu daga kan kujerar baƙo, ta haɗa su a ƙirji, ta tallabe ƙasansu da hannu ɗaya. Sun fi yadda ta zata nauyi. Ta tsaya a bakin taga tana ɗan jijjiga su, wayarta na kan tebur, fuskar wayar a sama, inda za ta gani in ta yi haske.