Digar da aka haƙa kabarin Malam Isyaku

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da aka kawo mini sabuwar diga da shebur ƙofar sito. Ku da kuka zo daga baya kuna ganinsu jingine a lungu kuna tambaya, to ga labarinsu.

Ni ne mai kula da sito a kamfaninmu na haƙar rijiyar burtsatse, reshen Keffi. A da, mai son kayan aiki zuwa yake ya ɗauka, in rubuta sunansa. Sai ofishin Abuja ya kawo manhaja. Kafin ko guduma ta fita, sai an cike fam a waya, an zaɓi aikin da za a yi da ita, injiniya ya amince. Kayan kuwa sunan shugaban aikin suke hawa, kuma shi kaɗai ke iya danna cewa an mayar, sannan ni in tabbatar. Ban ƙi tsarin ba, don ya rage ɓatan kaya ƙwarai.

Malam Isyaku shi ne shugaban aikinmu na Gitata. Mutum ne da ko ƙusa ya tsinta a aljihu sai ya dawo mini da ita, har ina tsokanarsa in ce ya bar wa tsatsa rabonta. A tsakiyar bazara ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ƙasar maƙabartar unguwarsu, wadda ake kira Yara, marmara ce, digar masu haƙa kuma ta dakushe. Aka rugo wurina. Al'adarmu ce tun fil'azal, ba a hana kayan haƙar kabari. Amma fam ba shi da gurbin kabari, sai na aiki. Injiniya Bulus, shugaban reshenmu, idonsa jawur, ya ce a sa a aikin Gitata kawai, gawa na jira. Ya cike da kansa, ya amince. Da haka diga da shebur suka hau sunan mamacin.

Da yamma aka dawo mini da su, da jar ƙasa a jiki. Na zo rufe fam, manhaja ta ce sai Isyaku ya danna. Injiniya ya rubuta wa Abuja, aka ce mai ikon gyarawa yana hutu, a jira. Muka jira. Abin da ba mu sani ba, kullum safiya manhajar na tura saƙo wayarsa, wai ya dawo da kayan kamfani da ke hannunsa. Wayar kuwa tana wurin matarsa, Maman Hafsat, tana cikin takaba.

Da Turanci saƙon yake, amma duk wanda ta nuna wa abu ɗaya yake gaya mata. Ta birkice ɗaki da rumbu, ta aika gona, ba diga ba dalilinta. Kunya ta hana ta kiran mu. Ita a ganinta mijinta ya tafi da haƙƙin mutane a wuya, kuma ga shi ana binsa har bayan ransa.

Ana gab da sadakar arba'in sai ga yayan marigayin, Baba Haruna, a kan acaɓa, rungume da diga da shebur sababbi fil, ko takardar shago ba a ɓare ba. Bayan mun gaisa ya ajiye su a gabana.

"Maman Hafsat ta ce a karɓa a yafe masa," in ji shi. "Kada a tsare shi a can saboda diga."

Na ja hannunsa zuwa ciki, na nuna masa tsofaffin, na faɗa masa abin da aka yi da su da yadda suka hau sunan ƙanensa. Na ce ya koma da sababbin, ba a bin Isyaku ko allura. Ya daɗe yana kallon jar ƙasar nan da ta bushe a bakin digar.

"Malam Sabo, kada ta ji wannan," ya ce. "In ta san digar da aka haƙa kabarinsa da ita ce ake binsa, ba za ta ƙara runtsawa ba. Karɓi, in ce mata an yafe."

Na karɓa. Injiniya Bulus ya kira Abuja ya yi musu tatas, a ranar aka cire sunan Isyaku daga manhaja. Ashe aikin minti kaɗan ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Sababbin ba su da lamba, ban kuma taɓa shigar da su manhaja ba. Su ne nake bayarwa idan an yi rasuwa, ba fam ba tambaya.

Abin da na koya shi ne, a aikin sito ba ƙarfe kaɗai muke tsarewa ba, har da sunan mutane. Kafin ku sa sunan wani a fam, ku tuna saƙo zai fita, kuma ba ku san hannun da zai faɗa ba. Maman Hafsat har yau takan aiko a gaishe ni, tana godiya mun yafe wa mijinta.