Muryar Idrisu a Rumfar Solomon

A Birnin Gwari na shekarun saba'in, duk wayar kunnen rikoda da ta biyo ta hannun Solomon mai gyaran rediyo tana da alama, ko da yake ba kowa ya lura ba: ɗan guntun roba a wuyanta, daidai inda take shiga abin da ake saƙalawa a kunne. Robar bawul ɗin keke ce.

Solomon mutumin Randagi ne. A Kaduna ya koyi gyara, ya dawo ya kafa rumfa a bakin kasuwa, kusa da masu facin taya. A garwashi yake zafafa ƙarfen dalmarsa, da damina kuma yakan rufe rumfar ya tafi gona. Yana da tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai ƙwan lantarki a ciki, mai aiki da batirin mota; ita ake ara da Kirsimeti, ita ake ara da Mauludi. Ba shi da yawan magana sai an taɓo masu ƙera wayar kunne. "Silin gashi suka zuba a ciki," yakan ce, "kuma suka bar wuyan ba madogara. Wanda ya ƙera ta bai taɓa cusa ta a aljihu ba."

Wata ranar kasuwa da hantsi, Iya Furera mai kaɗin auduga ta tsaya a rumfar da ƙullin kaya a ka. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ɗanta Idrisu, soja a Fatakwal, ya aiko mata rikoda da wayar kunne, da kaset ɗin gaisuwarsa.

"Sulaimanu, riƙe mini rikodar nan. Fatakwal na nufa."

"Fatakwal, Iya? Ke da ko Kaduna ba ki sani ba?"

"Idrisu ba lafiya, ɓoye mini yake. Muryarsa ta zama zare, numfashinsa na tsinkewa. Ni na haife shi, na san muryarsa."

Motar Kaduna tana lodi a tasha. Solomon ya tuna dajin da za ta ratsa, da kwanakin da ke gaba, ga tsohuwa ba rakiya. Ya jawo mata benci.

"Zauna ki jiyar da ni tukuna."

Ta saƙala abin a kunne, ya danna. Ita tana saurare, shi yana kallon hannunta. Yatsunta sun kama wayar suna murzawa, kamar yadda suka saba murza mazari tun tana budurwa. Duk murzawa sai ta runtse ido.

"Ka ji ko? Ya sake ɗaukewa."

"Iya, wayar kike kaɗi. Zaren cikinta ne ya tsinke, ba numfashin Idrisu ba."

Ya yanke wuyan, ya feƙe, ya zura robar, ya ɗiga dalma. Murya ta tafi ɗoɗar. Amma Iya ba ta sauke ƙullinta daga cinya ba.

"Tsinkewar ta daina. Ramar fa? Ita ma robar za ka sa mata?"

Solomon ya cire kaset ɗin Idrisu. Ya sa wani kaset, ya danna wajen ɗaukar murya, ya ce ta gaida Idrisu. Ta gaishe shi, ta haɗa da faɗa. Ya mayar, ya kunna mata ta wayar kunnen.

"Wace mai jinya ce wannan?"

"Ke ce, Iya."

"Ƙarya kake, ɗan nema! Ni da na tashi da tuwon ɗumame?"

Ya jona rikodar da tsohuwar amfilifaya, ya jira ƙwan suka yi ja. Muryar Iya ta fito daga lasifika da kauri, har masu faci suka ɗago kai.

"Yanzu kuma ka mai da ni sarkin pawa."

"Haka suke, Iya. Ƙaramar tana rage wa mutum, babbar tana ƙara masa. Babu wadda ke ba ki shi yadda Allah ya yi shi."

Ya mayar da kaset ɗin Idrisu. Muryar ta cika rumfar, tana tambayar akuyoyi, da ko an gyara dangar bayan gida. Wajen ƙarshe Idrisu ya tuntsire da dariya. Iya ta sa a maimaita mata wurin, ta sake sa a maimaita.

"Mara lafiya ba ya wannan dariyar," ta ce a hankali. "Ta ubansa ce sak."

Motar Kaduna ta yi ham, ta tashi. Iya Furera ba ta ko waiga ba. Ta kwance ƙullin, ta ɗebo masa ƙuli-ƙulin da ta yi guzuri da shi, ta ce ya goge faɗan nan kafin a aika wa yaron, gaisuwar kawai za a bari.

Da ta tafi, Solomon ya cire kan batirin, ya rufe amfilifayar da tsohon zanen matarsa Martha, ya leƙa wurin masu faci ya karɓo wata robar.