Wayar Yayata a Kasuwar Ƙonni

Lokacin da mijin yayata ya rasu a wurin cin rani, ta shiga takaba a gidansu na Badaguishiri. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ga 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sadakar arba'in. Ni da shegen iyayi, na zuba mata finafinan fassarar Hausa a waya don su ɗebe mata kewa, ban ma duba abin da na zuba ba.

A cikinsu akwai na wani Bature da kaɗaici ya ishe shi, ya kamu da son wata na'ura mai tunani. Ba ta da jiki, murya ce kawai a kunnensa, tana tambayarsa gajiya, tana yi masa dariya. Na ɗauka yayata za ta yi tsaki. Ashe sau huɗu ta kalla.

Ranar da na koma, tana tsince wake, ta ce, "Ke da kinka yi karatun boko a lakwal, maigidana muryatai na nan cikin wayag ga, saƙonni nai duka. Tunda anka yi ma wancan Baturen, mi za ya hana a sa shi amsa min? Ko sannu ɗai ta."

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma kunyar boko ta hana ni. Ita kuwa takaba ta ɗaure mata ƙafa, sai ta naɗe wayar a gefen mayafi ta ba ni, na kai Ƙonni.

Mai gyaran waya a kasuwa bai ma gama saurarona ba. Ya ce wayar ta cika, ta yi nauyi, sai an wanke ta kafin a sa mata sabon abu. Na ce to, don ban san abin da wankin yake nufi ba. Na tafi sayen tattasai, na dawo ya miƙo mini ita fes, babu ko saƙo ɗaya. Na yi masifa har mutane suka taru, shi kuma yana ta rantsuwa cewa ni na yarda. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau abin yana cina.

A mota na shirya maganganu iri-iri, duk suka zube a ƙofar ɗakinta. Ta karɓa, ta daɗe tana latsawa, sannan ta kife ta a tabarma. Ba ta zage ni ba, na so ta zage ni.

Can ta ce, "Ƙanwata, ke ma ai kin san yadda yaka kirana in ya shigo gida. Gwada min."

Na buɗe baki na gwada. Ta girgiza kai.

"Ba haka na ba," in ji ta. "Sake."